Andalus, Sisili ko Gaɓar Dalmashiya: Ina Za Ka Kashe Kwana Gomanka a Kudancin Turai?

Wanda ya samu hutun kwana goma, kuma abin da ke ransa tsofaffin garuruwa ne da gine-ginen tarihi da bakin teku, yawanci wurare uku ne ke raba masa hankali: Andalus a kudancin Sifaniya, tsibirin Sisili na Italiya, da gaɓar Dalmashiya ta ƙasar Kuroshiya. Hoto ba zai raba maka gardama ba, don duka ukun sun iya ɗaukar hoto. Abin da ya bambanta su a aikace shi ne abin hawa. Andalus ta jirgin ƙasa ce, Sisili ta mota ce, Dalmashiya kuwa ta jirgin ruwa ce. Wanda ya zaɓi wuri bai duba abin da zai kai shi daga gari zuwa gari ba, rabin hutunsa a tasha zai ƙare.

Ma'aunin da za a ɗora su a kai

Na farko sauƙin zirga-zirga ga wanda ba ya jin yaren ƙasar. Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin jirgin sama ake nufi ba, kuɗin da ke zurarewa kullum: masauki, abinci, tikitin shiga. Na uku ƙarkon tsari, wato ko jadawalin da ka zana a gida zai jure zafi da iska da cunkoso, ko kuwa abu ɗaya na kuskurewa sauran su rushe. Na huɗu abin da ido zai gani. Na biyar abincin halal da wurin sallah. Na ƙarshe haɗari, wanda a waɗannan wurare bai cika wuce 'yan sane da tara da ciwon gwiwa ba.

Biza ba ta cikin ma'aunin, domin duka ukun suna yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Kuroshiya ta shiga ranar 1 ga Janairun 2023, ranar da ta koma amfani da Yuro. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfon da zai kai wata uku bayan ranar fitowarka. Ana neman bizar ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, kuma ana iya miƙa takardu tun saura wata shida. Sifaniya da Italiya suna da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ka lura da abu ɗaya a jikin bizar, ko ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da yawa, domin zai yi tasiri a Dalmashiya.

Andalus

Nan ne tsari ya fi zama daram. Jirgin ƙasa mai gudu yana haɗa Madrid da Sevilla tun 1992, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Daga Sevilla zuwa Kurɗuba, wadda za ka ga an rubuta Córdoba a tikiti, kimanin minti 45 ne. Kurɗuba zuwa Malaga kimanin awa ɗaya. Granada ta samu layin mai gudu a 2019, amma daga Malaga bas ɗin ALSA ya fi yawan tashi, kuma ba ya wuce awa biyu. Ba ka buƙatar mota ko kaɗan. Farashin jirgin kamfanin Renfe da na Iryo yana hawa ne yayin da ranar tafiya ke matsowa, don haka wanda ya saya da makonni a gaba ya kan biya rabin abin da mai sayen ranar zai biya.

Kwana goma sukan kasu haka: uku a Sevilla, biyu a Kurɗuba, uku a Granada, biyu a bakin teku. Mutane da yawa suna yi wa Kurɗuba shigar rana ɗaya su fice, kuma wannan asara ce. Babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 yana da ginshiƙai fiye da 850, a kan kowane layi baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, jan bulo da farin dutse a jere. Dabara ce ta magina: ginshiƙan da suka samo daga tsofaffin gine-ginen Rumawa gajeru ne, sai suka ɗora baka a kan baka don rufin ya yi sama. Mihrabin da Alhakam na Biyu ya ƙara bayan 961 an lulluɓe shi da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya. Tun 1236 ginin coci ne, kuma a 1523 aka fara dasa babbar majami'a a tsakiyarsa. Ba a yarda a yi sallah a ciki ba, masu gadi suna hanawa nan take; gara ka san da haka tun daga gida. Kwana a garin shi ke ba ka damar shiga da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a, sannan ka leƙa kufan Madinatuz Zahra, birnin sarautar da Abdurrahman na Uku ya fara a 936, kilomita 8 yamma da gari.

Fadar Alhambra a Granada ita ce ke juya dukkan jadawalin, don haka tikitinta ake fara saya, kafin otal ma. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, kuma yana da ƙayyadadden lokacin shiga fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Granada. Ka makara, ka rasa. Ba roƙo, ba mayar da kuɗi. Abin da ke kayar da mutane shi ne tazarar da ke tsakanin babbar ƙofa da ƙofar fadojin, tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙafa. A watannin Afrilu, Mayu da Oktoba tikiti kan ƙare da makonni a gaba. Ka saya a shafin hukumar da ke kula da wurin, kimanin Yuro 20 da 'yan kai. Shafukan dillalai suna ninka kuɗin. A ciki, wanda ya iya karatun Larabci ya fi kowa more kuɗinsa, domin bangon magana yake yi: taken gidan sarautar, "wa la galiba illallah", an sassaƙa shi a farar ƙasa ba adadi, tare da baitocin waƙa da suka zagaye Farfajiyar Zakuna mai zaki 12 da ginshiƙai 124. Granada ta faɗa hannun sarakunan Kirista ranar 2 ga Janairun 1492.

A Sevilla, hasumiyar Giralda ta masallacin daular Muwahhidun ce, an gina ta tsakanin 1184 da 1198. Ba matakala ake hawa ba, gangara ce mai lanƙwasa fiye da 30, don haka ko dattijo yana iya kaiwa sama a hankali. Fadar Alcázar da ke kusa, wadda sarki Pedro ya gina daga 1364, Kirista ne ya ba da aiki, magina Musulmi suka yi, kuma ita ma tana son a sayi tikitinta tun da wuri. Manyan wuraren nan gaba ɗaya za su ci maka kimanin Yuro 70.

Ga wanda ya yi karatun zaure, sunayen garuruwan nan ba baƙi ba ne. Alƙurɗubi mai tafsiri ɗan Kurɗuba ne, Ibn Malik na nahawu a Jaén aka haife shi, Alƙali Iyad ya yi alƙalanci a Granada. Daga Granada ɗin ne kuma Abu Ishaƙ as-Sahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu a 1346.

Abinci da sallah sun fi sauƙi a nan. Granada tana da babban masallaci a unguwar Albaicín, an buɗe shi a 2003, kuma daga lambunsa ana kallon Alhambra ba tare da turereniyar dandalin San Nicolás da ke maƙwabtaka ba. Titin Calderería Nueva cike yake da shagunan shayi da abincin Maroko. Sai dai naman alade a Sifaniya ba ya tsayawa inda ake zato. Miyar tumatir mai sanyi da ake kira salmorejo ana barbaɗa mata yankakken jamón, busasshen naman alade, a kai, kuma wasu kayan zaƙi da kitsen alade ake yi. Kalmar da za ka nema a jikin kwali ita ce manteca. Soyayyen kifi a Malaga da Cádiz ba shi da wannan matsala. Abincin rana na ƙayyadadden farashi, menú del día, yakan tsaya tsakanin Yuro 12 da 16, amma ba a fara shi sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi, na dare kuma sai takwas ta wuce. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Sevilla sai kusan goma saura kwata, sai ka tsara Magariba da Isha a kan haka.

Raunin Andalus biyu ne. Na farko zafi. A Yuli da Agusta Sevilla da Kurɗuba suna haura digiri 40. Ɗan Sakkwato zai ce ai wannan gida ne, amma a gida ba wanda ke yawon kilomita goma a kan dutse da tsakar rana yana bin layi. Na biyu tekun kanta. Gaɓar Costa del Sol ta wajen Malaga dogayen benaye ne da yashi mai duhu. Farin yashi yana ɓangaren Atlantika, wajen Cádiz da Tarifa da Bolonia, inda kufan garin Rumawa na Baelo Claudia ke bakin ruwa, sai dai iskar gabas takan taso ta hana zama. Makon Ista da bikin Feria na Afrilu kuma suna ninka kuɗin otal a Sevilla. 'Yan sane suna aiki a tasha da layin tikiti, kuma matan da ke miƙa wa baƙo ɗan reshen ganye kusa da manyan coci kuɗi suke nema. Kada ka karɓa.

Sisili

Sisili ta fi sauran tarin zamunna a wuri ɗaya, ta kuma fi su wahalar da baƙo. Girkawa, Rumawa, Larabawa, Normawa da Sifaniyawa duk sun mulke ta, kowa ya yi gini a kan na wanda ya gada. A Siracusa, ginshiƙan haikalin Girkawa suna nan a cikin bangon babban cocin Ortigia, tsohon garin, ana ganinsu daga titi. A Agrigento haikalin Concordia yana tsaye tun ƙarni na biyar kafin Miladiyya. Noto kuwa sabon gari ne da aka zana bayan girgizar ƙasar 1693, duk da dutse mai launin zuma.

Rundunar Aglabawa, masu mulkin Tunisiya a lokacin, ta sauka a Mazara a 827 ƙarƙashin Asad ibn al-Furat, malamin fiƙihu da ya yi karatu wurin Imam Malik. Palermo ta zama birnin Musulmi daga 831 har Normawa suka karɓe ta a 1072. Amma wanda ya je neman masallatai irin na Kurɗuba zai dawo da takaici, domin kusan babu abin da ya rage a tsaye daga wancan zamani. Abin da ke akwai aikin masu sana'a Musulmi ne a ƙarƙashin sarakunan Normawa: rufin katako mai zubin saƙar zuma a Cappella Palatina ta 1140, fadar Zisa wadda sunanta daga al-Aziza yake, da jajayen ƙubbobin San Giovanni degli Eremiti. A fadar Roger na Biyu ne al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Cocin Monreale, mai zanen zinariya da ya haura murabba'in mita 6,000, bas mai lamba 389 ke kai mutum daga Palermo.

Jirgin ƙasa yana da amfani a layuka kaɗan: Palermo zuwa Cefalù kimanin awa ɗaya, Palermo zuwa Agrigento kimanin biyu, da gaɓar gabas tsakanin Taormina, Catania da Siracusa. Tsakanin Palermo da Catania bas ya fi. Ranar Lahadi duka biyun suna raguwa ƙwarai. Tikitin takarda sai an buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Don Noto da Ragusa da ƙananan gaɓoɓi, sai mota, kuma a nan ne kuɗi ke ɓacewa. Ana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida, da katin bashi na banki mai sunan direba don ajiyar jingina. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum. Yawancin motocin masu kuloci ne, otomatik ta fi tsada kuma tana ƙarewa da wuri. Babban tarko shi ne allon da aka rubuta ZTL, jan da'ira a kan fari. Yana nufin tsakiyar tsohon gari, inda motar baƙo ba ta shiga. Ba ɗan sanda a wurin, kyamara ce. Kowace shiga tara ce daban, daga kimanin Yuro 80 zuwa sama, kuma takan iso bayan watanni ta hannun kamfanin haya tare da nasu ladan. Dabarar ita ce ka sauka a Palermo, ka gama da ita a ƙafa, ka karɓi mota ranar fita, ka mayar da ita a filin jirgin Catania. Farin layi a gefen titi fakin kyauta ne, shuɗi na biya, rawaya ba naka ba ne.

Abinci ya fi arha a nan, musamman a kasuwannin Ballarò da Capo na Palermo, inda curin soyayyar shinkafa, arancina, ba ya wuce 'yan Yuro kaɗan. Kifi ko'ina, kuskus da romon kifi a Trapani. Kalmar tsoro ita ce strutto, kitsen alade, wanda ke shiga ɓawon cannoli da wasu burodi, kuma da shi ake soya saifar da ake sayarwa a titin Palermo. Akwai masallatai a Palermo da Catania da Mazara. A gidan abinci za ka ga an ƙara coperto a takardar kuɗi. Kuɗin zama ne, ba cuta ba ce.

Tekun ta fi ta Andalus nesa ba kusa ba, ko da yake mafi kyawun wurin yashi yakan kasance na masu hayar lema da kujera. Tsari kuwa yana son sassauci. A Agustan 2021 an auna digiri 48.8 kusa da Siracusa, mafi zafi a tarihin Turai. Makon 15 ga Agusta duk Italiya tana bakin ruwa. Dutsen Etna kuma in ya yi aman toka, filin jirgin Catania yakan rufe na sa'o'i ko yini, saboda haka kada ka sa jirgin komawarka gida ya dogara da haɗin awa biyu.

Dalmashiya

Idan ruwan ne ya fi damunka, gardama ta ƙare. Tekun Adriyatik a nan garau take, ana hango ƙasa daga saman jirgi, garuruwan farin dutse kuma a bakin ruwan suke zaune. Split a cikin fadar sarkin Rum Diocletian ta tsiro, wadda aka gama wajen shekara ta 305. Mutane suna zaune a cikinta har yau, shiga kyauta ne, sai wasu wurare kamar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da hasumiya ake biya. Kabarin da Diocletian ya gina wa kansa shi ne babban cocin garin yanzu, shi da ya yi suna wajen gallaza wa Kiristoci. Trogir tana dab da filin jirgin Split, rabin yini ya isa. Ganuwar Dubrovnik ta kai kusan kilomita biyu, zagaye ta yakan ci awa biyu, tikitinta Yuro 35 zuwa 40 a lokacin cunkoso. Katin Dubrovnik Pass na yini ɗaya kusan kuɗinsu ɗaya, ga shi ya haɗa da gidajen tarihi da bas. A hau da ƙarfe takwas na safe, don babu inuwa a sama, kuma daga goma manyan jiragen yawon teku sun juye dubban mutane a titin Stradun.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Dubrovnik. Daga Split ko bas na awa huɗu da ɗoriya, ko jirgin ruwa mai gudu da ke tsayawa a tsibiran Brač, Hvar da Korčula. Wannan jirgin na lokacin zafi ne, ba ya ɗaukar mota, kuma in iskar bura ta sauko daga duwatsu ana soke shi. Kada ka kwana a tsibiri a daren da gobensa jirginka na sama zai tashi. Daga Nuwamba zuwa Maris otal-otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke.

Ga inda biza ta shigo. Wani ɗan yankin Bosniya, garin Neum, ya ratsa gaɓar ya raba ta biyu. Gadar Pelješac da aka buɗe a Yulin 2022 ta kauce masa, amma ka tambaya kafin ka sayi tikiti ko bas ɗinka ta gada zai bi. Mostar ta Bosniya da Kotor ta Montenegro, da ake tallata zuwa yini ɗaya, duk a wajen Shengen suke. Mai bizar shiga sau ɗaya in ya fita, ya fita ke nan. Haka ma wanda ya tsallaka Tanja ta Maroko daga Tarifa.

Nan ne kuɗi ya fi tafiya. A Yuli da Agusta ɗaki a cikin ganuwar Dubrovnik ko a Hvar yana iya ninka na Sevilla, wadda a lokacin take araha saboda zafi. Kwana a unguwar Lapad ko Gruž, wajen ganuwar Dubrovnik, yana rage nauyi. Gaɓar tsakuwa ce, ga halittun ruwa masu ƙaya a jikin duwatsu, sai da takalmin roba. Lungunan Dubrovnik matakala ne zalla; mai akwati babba ko keken jariri ya duba adadin matakalar masaukinsa kafin ya biya. Naman halal kaɗan ne, kifi da tsada, wuraren sallah ƙananan ɗakuna ne a Split da Dubrovnik.

| Ma'auni | Andalus | Sisili | Dalmashiya |
|---|---|---|---|
| Abin hawa | Jirgin ƙasa da bas | Motar haya | Jirgin ruwa da bas |
| Kuɗin yau da kullum | Matsakaici | Mafi sauƙi, ban da mota | Mafi tsada |
| Ƙarkon tsari | Mai ƙarfi, in an sayi tikiti da wuri | Sai da sassauci | Ya dogara da iska da wata |
| Gine-ginen Musulunci | Mafi yawa | Kaɗan, a gauraye | Kusan babu |
| Teku | Matsakaiciya | Mai kyau | Mafi kyau |
| Halal da sallah | Da sauƙi | Da dama-dama | Da wuya |
| Abin da ke ɓata tafiya | Rasa tikitin Alhambra, zafi | Tarar ZTL, toka | Soke jirgi, fita Shengen |
| Watannin da suka fi | Maris zuwa Mayu, Oktoba, Nuwamba | Mayu, Yuni, ƙarshen Satumba, Oktoba | Yuni, Satumba |

Wa ya kamata ya je ina

Mai zuwa Turai karon farko, ko mai tafiya da iyaye da yara, ko wanda ba ya son tuƙi a ƙasar da bai sani ba, Andalus ce tasa, kuma tazarar da ta ba sauran a nan ba kaɗan ba ce. Haka malami ko ɗalibin da tarihin Musulunci ne ya fito da shi. Royal Air Maroc yana zuwa Malaga ta Kasablanka, Turkish Airlines ta Istanbul, don haka ba dole sai an bi ta Madrid ba.

Wanda ya saba tuƙi, yana da katin da kamfanin haya zai karɓa, kuma ransa ba ya ɓaci don bas ya makara ko shago ya rufe da azahar, zai fi samun abin kallo a kan kowane Yuro a Sisili. Mutum uku ko huɗu da za su raba kuɗin mota sun fi cin ribarta. Wanda ba zai yi tuƙi ba amma ya nace, ya zaɓi ɓangare ɗaya: ko Palermo da Cefalù da Agrigento, ko gaɓar gabas.

Ma'aurata masu neman hutu a bakin ruwa, masu ƙafar hawan matakala da aljihun da zai ɗauka, su nufi Dalmashiya a Yuni ko Satumba, su sauka a Split su tashi daga Dubrovnik. Wanda hutunsa ya faɗo a Yuli ko Agusta ba yadda zai yi, ita ce ta fi jurewa, tunda ruwa na kusa ko'ina. Wanda nasa ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu ya cire ta daga lissafi, ya ɗauki rigar sanyi mai kauri ya tafi Andalus, domin Granada tana gindin duwatsun Sierra Nevada kuma darenta yakan sauka kusa da sifili.